Ba a girgiza kaɗanya

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan mastas masu jiran gyaran babi. Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yafe min.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa a nan ba. A semistar da ta wuce na yi kusan wata biyu ba na barcin kirki. Na miƙa babi na uku, malamin da ke duba aikina ya ce zai neme ni. Sati huɗu, sati takwas, sati goma sha ɗaya, shiru kake ji. Ƙarfe biyun dare ina kwance a hostal, waya a hannu, ina leƙa WhatsApp ko ya buɗe saƙona. Daga nan in zarce Facebook: wannan ya kare kundinsa, wancan ya samu gurbin karatu a Malesiya, wanda muka yi bautar ƙasa tare ya yi aure har an yi suna. Ni kuwa sai lissafi. Shekaruna 28. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci mana wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 17 kenan, kuma kullum dare sai na sake ƙirga su kamar za a biya ni.

Da ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta auna jinina, ta dube ni ta ce, "Malam, a shekarunka me kake tunani haka?" Washegari na haɗa jaka na tafi gida Zugurma.

Ga waɗanda ba su sani ba, Zugurma tana ƙaramar hukumar Mashegu, a masarautar Kontagora, kuma dajinmu ɓangare ne na gandun dajin Kainji. Ƙasar kaɗanya ce. Na isa a farkon damina, lokacin tsinta. Gwaggona, yayar mahaifina, ta kai shekara sittin, amma ana idar da sallar asuba take ɗaukar kwano ta nufi gona. Rana ta uku na bi ta, don dama barcin ba ya zuwa.

Muna isa gindin wata bishiya na ɗaga kai na ga 'ya'ya reshe-reshe, a ƙasa kuwa 'yan kaɗan. Ɗan boko uban dabara, sai na ɗauki sanda zan kaɗo. Gwaggo ta ce, "Ajiye sandar nan, ɗan nan. Ba a girgiza kaɗanya. Wadda ta nuna da kanta take saukowa. In ka kaɗo ɗanya ka yi asara biyu, ba ka samu mai ba, ka kuma hana ta nuna."

Na ce, "To Gwaggo, sai mutum ya zauna yana jira kenan?"

Ta ce, "Wa ka gani a zaune? Kullum da asuba ina nan. In na makara wasu sun riga ni, in ta daɗe a ƙasa ta tsira, man ya lalace. Faɗowar ba tawa ba ce, sammakon ne nawa."

Wallahi a nan na tsaya, don abin da ta faɗa shi ne abin da na yi makonni ina karantawa a waya cikin daren rashin barci ban gane ba. Ina nufin falsafar Tao ta ƙasar Sin.

Bari in ɗan yi bayani. Tao, ko Dao, ma'anarsa hanya. Babban littafinsu shi ne Dao De Jing, wanda ake jingina wa wani tsoho mai suna Laozi. Ya haura shekara 2,000, kuma ƙarami ne ƙwarai: babi 81, haruffan Sinanci kimanin 5,000. Kundin da nake ta fama da shi ya ninka shi tsawo. Akwai kalmar da take yawan dawowa a ciki, wu wei. Wasu suna fassara ta da rashin yin komai, shi ya sa mai jin ta karon farko yake zaton lalaci ake wa kirari. Abin da ake nufi shi ne ka yi aiki ba tare da ka yi wa abu dole ba, ka bi yadda aka halicce shi.

Wani malaminsu, Zhuangzi, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo misalin wani mahauci da ya shekara 19 da wuƙa ɗaya ba ta dakushe ba. Dalili, shi gaɓa yake bi, ba ya saran ƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a kasuwar Kontagora ya san bambancin gwani da ɗan koyo: ɗan koyo ya fi gumi, gwani ya fi gama sa da wuri.

Na san wani ya riga ya fara rubuta min, "Malam, ka bar Alƙur'ani da hadisi ka koma addinin 'yan Sin?" Tambayar tana kan hanya, kuma ga amsata. Tao yana da ɓangaren addini, da wuraren bautarsa da limamansa da abubuwan da suka yi imani da su. Wannan babu ruwana da shi, kuma ba na kiran kowa zuwa gare shi. Abin da na ɗauka lura ce irin ta mai hankali game da gaggawa da kwaɗayi. Da na waiwayo kuma sai na tarar muna da abin a gida, da sunayen da muka haddace tun muna Islamiyya: ƙana'a, zuhudu, tawakkali. Mun iya rubuta su a jarrabawa, rayuwa da su ce ta gagare mu. Abin kunyar nawa ne, sai da baƙo ya yaba kayan ɗakinmu sannan na san darajarsu.

Ku duba Imam Ghazali. Babban malami ne a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna gabansa, fada tana ji da shi. A 1095 damuwa ta kama shi har harshensa ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga. Ya binciki kansa ya ga neman suna ya shiga cikin niyyarsa. Ya ajiye kujerar ya tafi Dimashƙa, ya yi kimanin shekara 11 kafin ya koma koyarwa. A tsakanin nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Ban ce kowa ya ajiye karatu ya shiga duniya ba. Ina dai nuna cewa wanda ya kai inda muke mafarkin kaiwa bai tarar da kwanciyar hankali tana jiransa a can ba.

Nan ne kuskurenmu yake. Mun mayar da natsuwa abin da za a raba ranar yaye ɗalibai. A aji ɗaya muka ce sai mun gama digiri. Muka gama, muka ce sai an gama bautar ƙasa. Yanzu sai an kare kundi. Bayan nan sai aiki, sai aure, sai digiri na uku. Kullum muna zaune a shekara mai zuwa, yau kuwa mun bar ta kango. Ka ga mutum a laburare, littafi a buɗe, amma rabin hankalinsa yana kan abin da ya wuce, rabi yana kan abin da bai zo ba. Awa shida a kujera, shafi ɗaya bai shiga ba. Ni ne wannan mutumin.

Akwai magana ta biyu da ta fi ta farko nauyi. Wani zai ce, "Wannan zancen masu ƙoshi ne. Kuɗin makaranta ya tashi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya gagara, mu 'yan yankin Kontagora da Mashegu ko tafiya gida sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Sannan ka ce mu kwantar da hankali?" Gaskiya ne, kuma ban ce a yi shiru a kan zalunci ba. Malamin da ya riƙe aikin ɗalibi wata uku bai kyauta ba, kuma ni kaina daga baya na rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga mai kula da karatun gaba da digiri a sashenmu. Wannan sammako ne, yana hannuna. Amma duba waya sau hamsin cikin dare bai sa ya karanta ko layi ɗaya ba, jinina kawai ya hau. Kuma wanda abubuwa suka yi wa yawa shi ya fi kowa buƙatar ya tattala ɗan ƙarfin da ya rage masa. Mai kuɗi yana iya ɓarnar barci ya je asibitin kuɗi. Ni da kai fa?

Ga abin da na canza da na dawo, ko wani zai amfana. Na fita daga guruf tara na WhatsApp, na bar uku. Na ajiye kwasa-kwasan intanet biyu da na yi rajista don kawai na ga abokai suna ɗora satifiket. Na rage manufofin bincikena daga biyar zuwa uku, aikin ya fi tsafta. Bayan isha'i waya tana kwana a cikin jaka. Bayan asuba ina ba rubutu awa biyu, ko shafi ɗaya aka samu na gode Allah. In ina cin abinci ina cin abinci, in ina sallah ina ƙoƙarin in san raka'a ta nawa nake, wanda a da, Allah Ya yafe mana, ba kullum ba.

Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da tafi. Babi na uku ya dawo a sati na goma sha huɗu, jan biro tun daga shafin farko har na ƙarshe. Har yau ban kare kundi ba, ban san ranar ba, kuma akwai daren da lissafin wata 17 ɗin nan yake dawo min. Bambancin dai yanzu ina barci, kuma ina gane abin da nake karantawa. Wanda kuma nasa ya wuce haka, ya daina cin abinci, ya daina son ganin mutane, ko yana jin rayuwar ta ishe shi, don Allah ya ga likita, ya kuma faɗa wa wani na kusa. Wannan ciwo ne, falsafa ba ta maye gurbin magani.

Ranar da zan dawo makaranta Gwaggo ta ba ni man kaɗe a ɗan gwangwani, wai saboda kaushi in hunturu ya zo. Yana nan kan teburina kusa da kwamfuta. An ce kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma ban taɓa jin Gwaggo ta ce bishiyar ta makara ba.

Wanda yake cikin irin wannan jira, ya faɗa mana sati nawa nasa babin ya yi, mu san ba mu kaɗai ba ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da zuciya mai ƙana'a, Ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu. Amin.