Rasidin Baba da Yashin Gwaggo

A gidanmu da ke Kafanchan akwai wani tsohon gwangwanin biskit da marigayi mahaifinmu yake adana takardunsa a ciki. Katin aikinsa na Reluwe yana nan, da takardun haihuwarmu mu bakwai, da wani rasidi guda wanda ya yi ja don tsufa har lanƙwasarsa ta soma yagewa. Rasidin rediyo ne mai kaset, na shekarar 1975. Ina yaro na kasa gane dalilin da ya sa Baba ya haɗa takardar rediyo da takardun haihuwar 'ya'yansa wuri guda. Sai a watan jiya na gane, ina tsaye gaban teburin wani mai gyara ina kallon yashi a tafin hannunsa.

A 1975 ne ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin Udoji har da ariyas. Kafanchan kuwa garin jirgi ne, tun 1927 da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya zo ya rabu a nan, reshe ɗaya ya nufi Jos, ɗaya ya nufi Kaduna. Saboda haka kuɗin Udoji ya sauka a garin nan kamar ruwan farko. Wasu suka sayi keke, wasu babur, wasu suka ƙara aure. Baba ya hau jirgin safe ya tafi Kaduna, ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan titin Ahmadu Bello, ya dawo da rediyo a cikin kwalinta, ya rungume ta a cinya tun daga tashar Kaduna har gida don kada a danne masa ita. Daga ranar, ƙofar gidanmu ta zama majalisa. Bayan magariba maƙwabta kan taru a ji labaran Rediyo Kaduna da na Sashen Hausa na BBC, mu yara muna raɓe a bayan tabarma, ba mai ikon taɓa maɓallin sai Baba.

Ba ta cika wata biyar ba ta fara cin kaset. Baba bai tayar da hankali ba. Ya mayar da ita cikin kwalinta, ya ciro rasidin nan, ya ba wani abokin aikinsa gadi na jirgi ya kai masa Kaduna. Bayan mako biyu ta dawo da sabuwar roba a cikinta, ba a karɓi ko kwabo ba. Baba bai san sunan akawun da ya karɓe ta ba, bai san yarensa ba, bai san inda yake ibada ba. Takarda ce ta yi magana a tsakaninsu, ta kuma isa.

Waɗanda suka haura hamsin sun san kantunan da nake nufi. Kingsway, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1948 ya kuma baza rassansa har Arewa, da Leventis, da UTC, da Chellarams. A can ake sayen rediyon National da Philips da Grundig, da fanka, da firji, da dutsen guga na lantarki. Yau yaro a Kaduna zai ce wa ɗan acaɓa ya sauke shi a shataletalen Leventis, bai taɓa sanin cewa sunan kanti yake kira ba. Abin da ya tsira daga Kingsway shi ne ɗan wurin cin abincinsa, wanda ya rikiɗe ya zama Mr Bigg's a 1986.

Yadda suka faɗi ba ɓoyayye ba ne. Farashin man fetur ya karye a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, lasisin kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Kantunan da suka dogara kacokan ga kayan waje suka wayi gari da kantoci wayam. Sai kuma shirin SAP na Babangida a 1986. Nairar da a 1980 ta fi dala ƙarfi ta koma sai ka ba da wajen huɗu kafin ka sami dala ɗaya. Ma'aikacin da yake shiga kanti da albashinsa ya koma lissafin buhun masara. Rassan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da jirgin da ke kai mu wurinsu shi ma yake ta ja da baya.

Ba na cikin masu yi wa kantunan nan kuka kamar waliyyai ne suka mutu. Tushensu na zamanin Turawa ne, kuma domin Turawa da manyan ma'aikata aka fara gina su. Manomin citta daga Kwoi ko Kachia, da takalmin taya a ƙafarsa, ba ya jin daɗin tura ƙofar gilashin nan. Ba a tayi, ba a ragi, ba a bashi. Ƙananan 'yan kasuwa ne, masu ɗauko kaya daga Onica da Alaba da Kano, suka kai rediyo ƙauyen da babban kanti bai taɓa jin sunansa ba, kuma sun cancanci a gode musu. Abu ɗaya ne ya bi kantunan kabari wanda nake jin zafin rashinsa: mai sayarwa ya tsaya wa kayan da ya sayar bayan kuɗi sun shiga aljihunsa.

A Amurka ma an yi irin wannan mutuwa, kuma tasu ta fi tamu abin lura, domin su ba su da SAP da za su ɗora wa laifi. RadioShack ya fara ne a birnin Boston a 1921, yana sayar wa masu sha'awar haɗa rediyo kayan aiki. Wani kamfanin fata na jihar Texas mai suna Tandy ya saye shi a 1963, ya raine shi har rassansa suka haura 7,000. Ƙarfinsa yana cikin ƙananan abubuwa: fis, waya, dalma, soket, ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba amma idan babu shi rediyonka ta zama kwali. Har kati suke ba abokin ciniki ya riƙa zuwa duk wata yana karɓar batir ɗaya kyauta, domin sun san wanda ya zo karɓar batir zai ɗaga kai ya ga wani abu. A 1977 suka fito da kwamfutar TRS-80, ɗaya daga cikin na farko da talaka ya iya saye ya kai gida. Daga baya suka hango riba a wayar salula, suka cika gaban shago da ita, suka tura akwatunan ƙananan kaya can ƙurya. Wanda ya shigo neman fis sai a tare shi da tallar waya. A 2006 kamfanin ya sallami ma'aikata wajen 400 ta saƙon imel. A watan Fabrairun 2015 ya bayyana karayar arziki, ya sake bayyanawa a 2017.

Ana cewa Amazon da Walmart da Best Buy ne suka kashe shi, kuma da gaskiya a ciki. Ni dai a ganina ya riga ya saki hannun mutumin da ya gina shi kafin waɗancan su iso. Kamfanin da zai kori ma'aikacinsa ba tare da ya dubi idonsa ba, ban yi mamaki ba da ya kasa duban idon abokin cinikinsa.

A nan gida ma ƙarshen bai zo ba. Kantin Game, mai sayar da talabijin da firji, wanda ya buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a Kano a 2014, ya tattara ya bar Najeriya. Maƙwabcinsa Shoprite ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024.

Yanzu ga Gwaggo, autar su Baba. Tana zaune a wani ƙauye a hanyar Kwoi, inda wutar lantarki kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 ta bi ta kan gonarta, har yau ba ta gama miƙewa ba. 'Ya'yanta suna Abuja da Kaduna, wayar hannunta ce kaɗai igiyar da ke tsakaninsu. Ta tara ɗan abin da ta tara ta shigo Kafanchan ta sayi ma'ajiyar caji, wadda yara ke kira fawa-bank. Mai shagon ya ɗora mata a hannu ya ce, "Mama, ji nauyi. Mai kyau da nauyi ake gane shi. Wannan zai cika miki waya sau shida." Da ta koma gida, ko sau ɗaya bai cika ta ba.

Na raka ta muka koma. Yaron shagon ya gaishe mu da ladabi, ya ba ta kujera, sannan ya juya rasidin ya nuna mana ƙananan rubutu a ƙasa, wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ni ma haka aka ba ni. Da na san ba shi da kyau ai ba zan ba ki ba." Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta ɗaure abin a bakin zanenta ta tashi.

Daga nan muka wuce wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda tun muna yara yake zaune a rumfa ɗaya. Teburinsa cike da matattun rediyoyi, da kwalbar sukurori, da ƙarfen narka dalma da yake ɗorawa a kan gawayi in babu wuta. Ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin. Batir huɗu ne a jere, amma ɗaya kawai ke da waya a jikinsa. Ya ciro ɗaya daga cikin ukun, ya huda shi, ya karkata a tafin hannunsa. Yashi ne, fari tas, irin na bakin rafi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga nauyin da aka sayar wa gwaggonka."

Na yarda yaron shagon bai san da yashin ba. Amma ya san nawa ya saro abin, ya kuma san ba a samun na ƙwarai a wannan kuɗi. Wanda ya saro kaya a rabin farashi ya ƙi tambayar dalili, ya zaɓi kada ya sani ne. Rubutun ƙasan rasidin nan kuwa shi ya fi ba ni haushi, domin tun kafin ya san ko kayan na da aibu ya riga ya wanke hannunsa. Masallaci da coci duk sun yi tarayya a kan cewa ɓoye aibun kaya zunubi ne, kuma garin nan ba ya rasa masu zuwa ko wanne daga cikinsu.

Na san 'yan kasuwa suna cikin matsi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Mutum ya sayar da kaya yau, gobe kuɗin ba za su sake saro masa irinsu ba. Mu masu saye ma da namu. Mukan shiga shago mu ce a ba mu mai araha, a nuna mana na ƙwarai mu ce ya yi tsada, mu tsallaka shagon gaba. Mun san araha ba ta ado, amma aljihu ne ke yanke hukunci. Haka muke horar da mai gaskiya har ya gaji ya bi sahu. Duk da haka, tsada ba ta hana mutum ya ce, "Mama, wannan mai araha ne, ba zai daɗe ba, in kina so ga shi." Wannan magana ba ta cin ko sisi.

Akwai kuma wani ciwo da ya keɓanta da mu a Kudancin Kaduna. A watan Afrilun 2011, cikin rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone babbar kasuwar Kafanchan. Dukiya ta tafi, amma abin da ya fi daɗewa bai dawo ba shi ne sakin jiki. Tun daga lokacin nake yawan jin ana cewa, "Je ka wurin namu ka saya." Da rasidi ya daina aiki, sai mutane suka koma neman tsaro a yare da addini. Gwaggo ma abin da ya kai ta shagon nan ke nan. Yarensu ɗaya da yaron, ta kuma san kakarsa. Wannan sanayyar ce ma ta hana ta ɗaga murya da aka nuna mata ƙasan rasidi, domin ba ta son a ce ta tozarta ɗan gida a kasuwa. Mai shagon da ya san za a zo wurinsa don shi namu ne, ba shi da abin da zai tilasta masa gyara kayansa.

Doka ba ta tare da wannan rubutun na ƙasan rasidi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibu. Sai dai tsohuwa daga hanyar Kwoi ba za ta rubuta ƙorafi zuwa Abuja a kan fawa-bank ba. Wanda ke kusa da ita shi ne shugaban 'yan kasuwar layin. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar nan suna da ƙarfin karɓar kuɗin wata, da rufe shagon wanda bai biya ba, da tara gudummawa in an yi wa ɗayansu rasuwa. To, suna da ƙarfin cewa duk mai sayar da waya ya rubuta lambar jikinta a rasidi, ya kuma rubuta ko sabuwa ce, ko gwanjo, ko wadda aka buɗe aka gyara. Suna da ƙarfin sa kwana bakwai na mayar da kaya, su kuma taru su mayar wa dilan da ya ba su jabu a Legas ko Kano, domin abin da yaro ɗaya ba zai iya ba, layi guda zai iya. Ba sai an gina musu kanti mai ƙofar gilashi ba.

Dattijon ya gyara wa Gwaggo abin da zai gyaru. Ya cire na yashin, ya sa mata batir biyu da ya ciro daga tsohon batirin wata kwamfuta, ya gaya mata gaskiya cewa zai cika wayarta sau ɗaya da rabi, kuma in ya kai shekara ta gode Allah. Ya ce in ya ba ta matsala kafin Kirsimeti ta aiko da shi. Na tambaye shi ina yaran da yake koya wa aiki. Ya ce na ƙarshen ya tafi acaɓa shekara uku ke nan.

Kafin mu tashi ya yagi takarda ya ƙunshe yashin ya miƙo mini. Ranar Litinin ni da Gwaggo za mu je wurin shugaban layin, da ƙunshin a aljihuna, da rasidi biyu, na bana da na 1975.