YAWON BUƊE IDO: Teku ba Tiga ba ne!

A wannan watan wasiƙa ce ta zo mana daga wani matashi mazaunin Zinyau, can wajen Rano. Ya ce yayansa zai ɗauke shi su raka kayan gwari Legas, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa wuce Zariya ba. Wai burinsa biyu ne a wannan tafiya: ya yi wanka a teku, ya kuma ga 'yan fim ɗin Kudu ido da ido. Har da ƙarin bayani cewa kada mu damu, shi gwanin iyo ne, a Tiga ya koya.

To ƙanena, wannan ƙarin bayanin naka shi ya sa na ture duk sauran wasiƙu na ɗauki taka. Gyara zama.

Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ta Zariya da Kaduna da Jebba da Ilori da Ibadan. Idan kun sauke kaya a kasuwar Mile 12, za ka rantse ba ka bar Kano ba, don tumatir da albasa da attaruhun da ke cikinta yawanci daga Arewa suke, Hausa kuma ake yi ko'ina. Haka Agege da Idi-Araba da Obalende. Mutanenmu ba baƙi ba ne a Ikko. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatakenmu suke can, cinikin goro kuma ya zaunar da da yawa a Agege, har suna da sarkinsu. Ka sami masauki wajen ɗan'uwa, ka riƙe lambar wayarsa a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba. Baƙo makahon gari ne, ranar farko kada ka fita sai da ɗan jagora.

Wurin da zan so ka fara zuwa ba bakin ruwa ba ne, gidan tarihi ne na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Ramukan harsasan suna nan a jikinta. Mutumin da kake gani kullum a jikin naira ashirin, wanda kabarinsa ke nan Kano, ga motarsa a gabanka. Ni dai ranar da na gan ta, na daɗe tsaye ban ce uffan ba. Ka yi masa addu'a, kuma ka tambayi ma'aikata kafin ka ɗaga waya ka ce za ka ɗauki hoto.

Kana fitowa, da ƙafa ma za ka taka zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1 ga Oktoba, 1960. Daga nan ka gangara cikin tsibirin ka yi azahar a babban masallacin Legas, ka leƙa na Shitta-Bey wanda aka buɗe tun 1894. Masu cewa wai babu addini a Kudu, ka je ka gani da idonka ka dawo ka ba su labari.

Yanzu mu zo harkarmu ta fim. Idumota tana nan kusa, kuma ita ce Ƙofar Wambai da Batan 'yan Kudu. A zamanin kaset da sidi, duk tallar fim ɗin Kudu sai ka ji an rufe ta da adireshin Idumota da na Onica da na Aba. Bayan fitowar Living in Bondage na Kenneth Nnebue a 1992, 'yan kasuwar wannan wuri su suka riƙe wuyan industiri: su ba da kuɗi, su zaɓi jarumi, su rarraba kaset. Mu kuwa a Kano an riga an yi Turmin Danya tun 1990, kada kowa ya raina maka wayo a kan wannan. Yau kasuwar ta ja baya, fim ya koma sinima da YouTube da waya, kamar yadda ta faru a wajenmu. Duk da haka ka shiga ka zaga, ka ga inda abin ya samo asali. Aljihunka dai ka dafe shi da kyau.

Daga nan sai Iganmu, inda babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa yake, mai siffar hular soja. An gina shi ne saboda bikin FESTAC na 1977, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka. A wancan bikin an nuna fim ɗin Hausa, Shehu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara da shekaru ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya, a Legas ɗin nan dai. Aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a Jamus a 2018. Ka ga ke nan, hatta tarihin fim ɗinmu wani yankinsa a bakin teku ya kwana.

Batun ganin jarumai kuwa, gaskiya ɗaya ce: ba a titi suke yawo ba. Ko Ali Nuhu da ya shiga cikinsu, har ya ci lambar yabo ta AMAA a 2007 da fim ɗin Sitanda, sai da ya yi shekaru yana aiki a gida kafin a neme shi. Duk wanda ya tare ka a tasha ko a kasuwa ya ce shi furodusa ne, fuskarka ta dace da fim, kawo kuɗin fom, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka yi gaba. Wannan damfarar a Kano ma ana yin ta, balle inda ba ka san kowa ba.

To, ga tekun. Idan mota ta hau da kai babbar gadar nan ta Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, za ka ga ruwa hagu da dama. Kada ka yi saurin kabbara, wannan makeken tafki ne da ke haɗe da teku. Ainihin tekun Atlantika yana gaba. Bar Beach da iyayenmu ke ba mu labari babu ita yanzu, tun wajen 2008 aka fara cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Sai dai ka nufi Lekki, irin su Elegushi, inda ake biyan kuɗin shiga, ko Tarkwa Bay da ake zuwa a kwalekwale mai inji. In za ka hau kwalekwale, babu rigar ruwa babu tafiya, kuma ban da dare.

Ruwan Tiga da ka saba da shi, wanda 'yan fim ɗinmu suka sha yin rawa da waƙa a gefensa, ruwan dam ne, a kwance yake. Teku kuwa numfashi yake yi. Igiya ta zo ta doke ka ta gaba, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Akwai kuma wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu kamar kwata, ido ba ya gane su, kuma gwanayen iyo suka fi ci, don su ne ke shiga da gadara. Zuwana na farko, iya gwiwa kawai na shiga don a ɗauke ni hoto ina dariya. Kafin mai hoto ya danna, na ji ni a zaune, gishiri cike da baki, takalmina ɗaya ya tafi Amurka. Wani mai doki ne ya finciko ni ta wuyan riga. Ana ta yi mini dariya, amma ni na san abin da na ji a ƙafata, kuma ban ƙara ba.

Don haka ka tsaya inda ruwa zai taɓa idon sawunka ya koma. Ka ɗanɗana ka ji gishirin, ka hau doki, ka sha ruwan kwakwa, ka tsinto wa ƙannenka kwanson kifi. In ka ga jar tuta, ko masu gadin wurin sun busa usur, ka fito. In tsautsayi ya sa ruwa ya ja mutum, kada ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa, yana ɗaga hannu. Kai da ke waje kuma ihu za ka yi a kira masu ceto, kada ka faɗa, a yi asarar biyu.

In kwana ya rage maka, ka je Badagry, kan hanyar Kwatano. Akwai benen da aka gina a 1845, akwai sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su, akwai tsibirin Gberefu inda ake bi da su zuwa jirgi, daga nan babu dawowa. Cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan ta Yammacin Afirka har da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a Bahiya ta Birazil a 1807. Ga labarin fim zube a ƙasa, mu kuwa muna nan muna ta maimaita soyayyar gidan Alhaji. Furodusoshinmu, kuna ji dai ko?

Abu na ƙarshe: in zuciya ta raya maka ka maƙale ka yi acaɓa, ka sani tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a manyan sassan birnin, irin su Ikeja da Surulere da Apapa da cikin tsibiri, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Damina tana jiranka a Zinyau, Inna ma haka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa a sayar da riba. In ka dawo ka rubuto mana abin da ka gani, za mu buga. Saura kuma ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.