Ku Daina Yi Wa Ɗan Masta Dariya, Ku Masu Kwalin Kwatano

Masu jiran ci gaban labari ku yi mini afuwa, wannan karon alƙalamin ya ƙi bin hanyar soyayya, domin akwai abin da ya tokare mini maƙogwaro tun daren Juma'ar da ta wuce, wanda in ban amayar da shi ba, to ko layi ɗaya na hirar saurayi da budurwa ba zan iya rubutawa ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta ne a nan ƙasar Bagudo, kuma yana karatun digiri na biyu, wato masta, a wata jami'a ta Arewa da ba zan kama sunanta ba. Ya zo gida hutun ƙarshen shekara. Muna zaune wurin mai shayi bayan sallar isha'i, hunturu na kaɗawa daga bakin Neja kowa ya duƙunƙune cikin mayafi, sai ga wani bawan Allah da yanzu ba a isa a kira sunansa ba sai an haɗa da Dokta. Ya dubi yaron nan sama da ƙasa ya ce, "Wai wanga yaro har yanzu shina masta? Mi ya hana ka ƙetara? Ga Kwatano nan, wata shida ka dawo da kwalinka." Majalisa ta kwashe da dariya. Ƙanena ya yi murmushi ya ce Allah ya sa mu dace. Sai da muka kama hanyar gida, a cikin duhu, ya ce da ni, "Yaya, ina ganin watan Janairun nan ba zan sake rajista ba. Na gaji."

To jama'a, ni ɗan sakandare ne, ban taɓa zama a ajin jami'a ba, kuma na san akwai masu cewa ina ruwan biri da gada. Amma ni ne nake sayar da buhunan shinkafarmu ta fadama duk ƙarshen shekara don a haɗa kuɗin rajistar nan, saboda haka ina da bakin magana.

Yaron nan ya shiga karatu farkon 2022. Ko sabawa da hanyar aji bai gama yi ba sai ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Kafin wannan ma ai an yi na 2020, wanda aka fara a Maris aka janye ana saura kwana biyu Kirsimeti. Da aka dawo ya yi shekarar kwas, ya ci. Ya kare ƙudirin bincikensa a gaban malamai, ya wuce. Daga nan ne fa aka shiga abin da ɗalibai ba sa iya faɗa a fili, wato zaman jiran malamin da ke duba kundi. Ka buga babi da kuɗinka, ka hau mota tun asuba ka bi ta Jega, ka isa ka tarar ofis a kulle, an ce malam ya tafi taro Abuja. Ka kwana a masallaci ko ɗakin wani aboki, ka dawo. Bayan sati uku ka koma, ya ce ajiye a nan. Bayan wata biyu ka koma, a nemi babin a rasa, a ce sake bugo wani. Kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowane zuwa ɗaya sai ya ci rabin abin da iyalinsa za su ci a sati. Karatun da aka ce shekara biyu ne, ga shi wannan Disamba ta huɗu ke nan yana shigowa gida da jakar takardu, kuma duk sabuwar shekarar karatu sai an sabunta rajista, ko an duba maka layi ɗaya ko ba a duba ba.

Wanda bai zauna da ɗan masta a watan Disamba ba bai san abin da nake nufi ba. Kowa na murnar kaka, ana ta bukukuwan aure tun daga Ka'oje har Illo, 'yan bokon birni sun dawo da motoci, shi kuwa yana ƙuryar ɗaki da fitilar caji yana gyaran babi na huɗu, yana lissafin ko albashin Disamba zai kai shi ƙarshen Janairu. Matarsa ta daina tambaya. Mahaifiyarmu kuwa ba ta daina ba, kullum sai ta ce, "Wai karatun ga naka ba shi da Fatiha?" Kuma babu mai tallafa masa. Asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin masta da dokta, malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗauka, malamin sakandare na ƙauye ba ya cikin lissafi.

Yanzu mu dawo kan Dokta da shawararsa. Ko ya manta ne, ko yana ganin mun manta? A irin wannan lokaci ne fa, ranar 30 ga Disamba 2023, jaridar Daily Nigerian ta su Jaafar Jaafar ta fito da binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya biya kuɗi kusan naira dubu 600 aka kawo masa digiri na aikin jarida daga wata makaranta mai suna ESGT a Kwatano cikin sati shida. Bai zauna a aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, ko iyakar ma bai ƙetara ba, fasfonsa ne ya yi tafiyar aka buga masa hatimin shiga da fita. Da wannan kwalin ya shiga bautar ƙasa, alhali ya riga ya taɓa yin ta. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum dubu 22 ne ke yawo da irin wannan kwali na bogi, mafi yawansu daga Benin, kuma jami'o'i biyar kacal gwamnati ta amince da su a Benin, uku a Togo. Wannan ita ce hanyar da ake yi wa ƙanena dariya don bai bi ba.

Kada wani ya ce na zagi Benin. Mu mutanen bakin iyaka ba ma yin wannan kuskuren, sai 'yan birni da ba su san ƙasar ba sai a labarin motocin Kwatano. Wanda ke zaune Lolo ko Tsamiya ya san mutanen Segbana da Malanville dangi ne, ana aure ana zumunci ana cin kasuwa tare, tun kafin Ingila da Faransa su zauna a 1898 su raba ƙasar Borgu gida biyu. Akwai jami'ar gwamnati a Abomey-Calavi, akwai ta Parakou, inda yara ke karatu na gaske cikin Faransanci suna shan irin wahalar da namu ke sha. Shagunan sayar da kwali kuwa, don wa aka buɗe su? Don mu. Da Turancin Ingilishi ake tallarsu, dillalansu 'yan Nijeriya ne, masu saye 'yan Nijeriya ne, masu karɓar kwalin su ba da aiki da ƙarin girma su ma 'yan Nijeriya ne. Mun ga yadda aka rufe iyaka a Agustan 2019 don hana shinkafa shigowa, har aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, talakan Lolo ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma shekarun da ministan ya ƙirga kwalayen bogin nan, daga 2019 ne zuwa 2023. Buhun shinkafar tsohuwa an tare shi a hanya, digiri kuwa ya wuce ta gaban kowa a cikin ambulan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da yawa daga masu dariyar ba su san me yaron yake rubutawa ba. Kundinsa a kan Kyanganci ne. Mu nan mun san Kyangawa, da yawanmu ma in aka bi salsala za a tarar da jininsu a jikinmu, amma mutum nawa ne suka rage da ke jin harshen? Harshe ne na dangin Mande, ɗan'uwan Busanci da Boko, danginsa na nesa suna can har Mali, kuma yau Hausa da Dandanci sun cinye shi saura 'yan ƙauyuka. Sai da wani Bature, Ross Jones, ya zo ya yi shekaru yana aiki a kan harsunan Boko da Busa, ya kuma bi sawun Kyanganci da Shanganci ya rubuta, mu muna zaune muna shan shayi. Ƙanena ya hau babur ya shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, ya zauna gaban tsofaffi da wayarsa yana naɗar sunayen kifi da na itatuwa da na kayan noma, da yadda ake gaisuwar mutuwa. Tsohuwar da ta fi ba shi kalmomi ta rasu a daminar bana. Muryarta na cikin wayar nan tasa mai fasasshen gilashi, da cikin babi na huɗu da ke kwance a ofishin da ba a buɗewa. In ya ajiye karatun nan a Janairu, Dokta ne zai je ya naɗo? A wane shago na Kwatano ake sayar da wannan?

Saboda haka maganata kashi biyu ce, kuma kashi na biyun ya fi na farko zafi. Dokta da 'yan dariyarsa ƙananan alhaki ne. Manyan su ne ku malaman jami'a da kuke kwanciya a kan kundin ɗalibi wata da watanni. Na san kuna da kukanku. Na san an shafe shekara goma sha ana jan ƙafa a kan yarjejeniyar 2009, na san malami ɗaya kan rungumi ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ga koyarwa ga neman na cefane. Amma ɗalibin da ya taso daga bakin iyaka ba shi ya hana ku haƙƙinku ba. Wayar salula tana hannunku, saƙon "kada ka zo, ba na nan" bai kai naira goma ba. Kuma ku sani duk ranar da kuka mai da shekara biyu ta koma biyar, kun yi wa dillalin Kwatano talla kyauta, domin da labarin irin su ƙanena yake jawo kasuwa. Gwamnati ta soke kwalin bogi, madalla. To wa zai tambayi jami'a dalilin da ya sa take karɓar kuɗin rajista shekara huɗu a kan karatun shekara biyu? In laifin ɗalibi ne a kore shi, in na malami ne a canza masa wani, kuma a daina karɓar kuɗin shekarar da ba shi ya jawo ta ba. Wannan ba ya buƙatar kwamiti.

Bari in ɗan ratse, tunda zance ya zo kan 'yan masta. Mu marubutan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, har aka yi ta fafatawa a jaridu shi da su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme, mun daɗe muna karɓar baƙuncinku. A irin wannan hutun kuke zuwa, ku ce Malam a taimaka da littattafai za a yi nazari. Mu kwashe mu ba ku kyauta, mu ba ku shayi, mu amsa tambaya ashirin. Ku je ku rubuta cewa ba mu san ƙa'idar rubutu ba, ku samu digiri da guminmu, ko kwafi ɗaya na kundin ba ku taɓa dawo mana da shi ba. Da ina jin haushinku ƙwarai. Yanzu da na ga abin da kuke sha a can, na rage, na gane wanda bai da kuɗin motar komawa wurin malaminsa ba zai buga mini kundi mai shafi ɗari biyu ba. Amma fa ban yafe duka ba. Ado Ahmad Gidan Dabino bai yi masta ba ya rubuta In Da So Da Ƙauna, kuma an ci digiri da littafin nan ba ɗaya ba ba biyu ba. Wanda ya gama, ya tuna da inda ya ɗebo ruwa.

Shi kuwa ƙanena, washegari da safe na same shi yana shanya takardunsa a tabarma don raɓa ta taɓa su. Na ce masa kuɗin da na ware don buga sabon littafina a Kano, na fasa, littafin ya jira bayan sallah. Ya ce, "Yaya, kada ka yi haka, masu karatunka fa?" Na ce masu karatuna sun saba jira, ai kashi-kashi muke ba su tun fil azal. Na kuma ce masa wannan karon ba shi kaɗai zai tafi ba. Ranar Litinin ta biyu ga sabuwar shekara zan sa babbar rigata in bi shi, in zauna a bencin da ke ƙofar ofishin nan da takardar sakandarena a aljihu, har sai malam ya fito ya gaya mini da bakinsa ranar da zai karanta babi na huɗu. Dokta kuma na aika masa cewa in an sa ranar difens akwai kujerarsa a mota, ya zo ya ga yadda ake yi.