An Taka Gurmin Tsoho a Maigatari

Malam Edita,

Ina roƙon ka sam mini ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, domin in bayyana wani al'amari da na gani da idona, wanda tun daren da ya auku har zuwa yau zuciyata ba ta daina tafasa a kansa ba.

Ka dai san Maigatari, ka kuma san yadda daren Laraba yake a can, yayin da fatake da dillalai da makiyaya suke kwararowa daga Magarya da Dungas da Damagaram, kowa da shanunsa ko raƙumansa, manyan motoci kuwa sun yi jerin gwano a bakin kara suna jiran lodin Alhamis zuwa Kudu. Baƙon da ya yini cikin rana da ƙura, ya sauka ya sallaci isha'i a garin da ba shi da gida, ba abin da ya rage masa sai tabarmar mai shayi da ɗan abin da zai ɗebe masa kewa. To, a gefen irin wannan tabarma ne wani dattijo mai gurmi, daga wani ƙauye na wajen Sule Tankarkar, ya zauna da jikansa mai yi masa amshi, yana waƙar noma da haƙurin zaman duniya, muryarsa ba ta wuce inda hasken fitilar mai shayi ya tsaya ba, kuma babu mace ko ɗaya a wurin, babu rawa, babu batsa. Ana cikin haka sai ga wasu samari da suka ce an sa su gyaran gari. Babbansu ya ce, "Baba, an hana kiɗa, tashi." Tsoho ya ce, "Yaro, ka yi wa Allah ka bar ni, da wannan nake ci da iyali." Kafin ya rufe baki an fizge gurmin an jefar, wani ya sa ƙafa, ƙoƙon ya tsage, tsirkiya ta tsinke; tsohon nan ya durƙusa cikin kashin shanu yana lalubar gutsattsarin, jikansa yana kuka, mu kuwa da muka yi magana aka ce mana doka ce.

Da a ce doka ce ta kowa da kowa, Malam Edita, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma a daidai wannan sa'a, a wani fili da aka kewaye da langa-langa, wanda tsakaninsa da mu bai fi jifa ba, janareta yana ruri, lasifika tana girgiza ƙasa, ana karɓar kuɗin shiga a ƙofa, 'yan mata da ba su isa aure ba suna rawar gala ana yi musu liƙi, yara maza suna fitowa suna tangaɗi saboda ƙwaya, kuma ba a kashe wannan lasifika ba sai da ladan ya kira assalatu. Masu gyaran gari sun bi ta ƙofar gidan, ba su ko waiwaya ba. An taka gurmin tsoho, an bar gidan gala! Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki, kuma ina maimaitawa domin mahukunta su ji: an taka gurmin matalauci, an ƙyale mai janareta.

Ni ba mufti ba ne, amma na zauna gaban malamai, na kuma san mas'alar kiɗa da waƙa mas'ala ce da fuƙaha'u suka yi saɓani a kanta tun tale-tale, har Imam Gazali ya keɓe mata babi guda a cikin Ihya'u, yana rarrabe abin da ya halatta da abin da ya haramta gwargwadon abin da ake faɗa da halin mai saurare. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin maye, da lalata 'ya'yan mutane, da cutar da maƙwabci, da wulaƙanta mai furfura, da ɓarnata dukiyar Musulmi ba bisa haƙƙi ba. Ta yaya za a tsallake munkarin da aka yi ijma'i a kansa, a faɗa wa abin da malamai suka saɓa, sa'an nan a kira wannan hani da mummuna?

Mu da muka tashi a ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel, mun san kiɗan dare ba baƙo ba ne. Idan kaka ta yi, an shigar da gero rumbu, samarin Gagarawa da na ƙauyukan Gumel sukan yi kalankuwa a dandali, a sarari, da izinin dagaci, sarkin samari yana tsaye da bulalarsa, iyaye suna jin kowace kalma daga zaurukansu, kuma dare na rabawa sarkin makaɗa zai sa a sauke ganga kowa ya kama gabansa. A irin wannan tsari ne Haruna Uji na Haɗeja ya ɗaukaka gurmi har aka san shi ko'ina a Arewa, a cikinsa ne kuma marigayi Mamman Shata ya yi zamaninsa har Allah ya karɓi ransa a 1999, bayan jami'a ta ba shi digirin girmamawa. Da an taka musu kayan sana'a tun suna ƙanana, me za mu nuna wa jikoki?

A duba tsibirin Zanzibar, can gaɓar gabashin Afirka, inda kusan kowa Musulmi ne mai tsayar da salla. Suna da kiɗansu da ake kira tarab, suna da ƙungiyar makaɗa mai suna Ikhwani Safaa da aka kafa tun 1905, sun buɗe makarantar koyon kiɗan gargajiya a tsohon birninsu a 2002, kuma tun 2004 suke yin bikin Sauti za Busara, wanda ke jawo baƙi daga ƙasashe da dama, masu masauki da masu abinci suna cin arziki. Ba na ce mu kwashe duk abin da ake yi a bakin tekunsu ba, domin akwai abin da ba zai yi mana ba. Abin da nake nuni gare shi kawai, sun ba makaɗinsu na gado mazauni da mutunci.

Samarinmu kuwa, laifinsu a fili yake, amma na manya ya fi. An rufe iyakokin ƙasa a 2019 sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. 'Yan lodi da 'yan kamasho da masu turin baro suka zauna ba aikin fari ba na baƙi, riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a nan kuwa wasu can ke cin ribarsu. 'Yan siyasa ba sa tuna yaran nan sai lokacin zaɓe, sa'ad da su da kansu suke hayar lasifika, su raba musu abin da suke sha.

Saboda haka ina kira ga Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, Allah ya ƙara masa lafiya, da hakimansa, da shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, da su keɓe wa makaɗan gargajiya fili a sarari a daren kasuwa, a yanka musu lokacin tashi, a danƙa kulawarsu ga sarkin makaɗa da mai unguwa; gidajen langa-langa kuwa a bincika wane ne ya ba su izini, wane ne kuma yake karɓar na goro daga hannunsu. Kai kuma, Malam Edita, ka turo wakilinka ya kwana a Maigatari ranar wata Laraba, ya rubuto maka abin da kunnensa ya ji.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta, Gumel.