A ɗanɗana miya kafin a kai wa ƴan gayya

Babu Alhajin da zai sayi gero buhu ɗari a kasuwar Maradi bai sa an kwance ɗaya ya damƙi tsaba ya duba ba. Amma abin da ɗan kasuwa ya sani tun yana yaron shago, wasu masanan ofis a Yamai suna kiransa ɓata lokaci. In aka ba su kwangilar binciken yadda yara suke karatu, sai su tsara tambayoyi da Faransanci cikin ɗaki mai sanyi, su buga dubban takardu, su watsa cikin jahohi, ba su fara gwada su a aji biyu ko uku ba.

Ga inda gizo yake saƙa. A Hausa, "karatu" yana nufin duba littafi, yana nufin zuwa lakwal, yana kuma nufin hadda gaban malam. A tambayi yaron Tasawa ko yana karatu a gida, zai ce i, alhali allonsa yake nufi. A tambayi yarinyar Damagaram abin da ta karanta, mushe yana tsaye kanta, ba za ta ambaci littattafan soyayya na Kano da take aro wurin ƙawaye ba. Wanda ya iya ajami kuwa, takardar ba ta da gurbinsa: jahili za a rubuta shi. Ɗan gwajin mako biyu ya isa ya tona wannan duka, a gyara tambayoyin tun kuɗi ba su tafi ba. In babu shi, alƙaluman da za a kai wa minista ƙarya ce mai hatimi.

Lamarin ba na wasa ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko ɗaya cikin goma na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. Ƙasar da ta ga wannan ba ta da dalar da za ta zuba cikin littattafan da yara ba za su buɗe ba, su ƙare cikin kwali gara tana ci.

Masu gaggawa suna cewa Nijar ta gaji da gwaji. Suna da hujja: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma sai a 1998 dokar ilimi ta ba harsunan ƙasa gurbinsu, bayan shekara 25. To, laifin gwajin ne? Laifin masu mulki ne da suka kulle sakamako cikin aljihun tebur. Maganin jan ƙafa shi ne a yanka wa gwaji wa'adi, ba a tashi gini babu tushe ba.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatar ilimi da masu ba da tallafi su kafa sharaɗi: kada a saki kuɗin babban bincike sai an gabatar da sakamakon ƙaramin, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, gaban ƙungiyoyin iyayen yara. Wanda ya ƙi, a tambaye shi a fili: yaran yake bincike, ko kuɗin tafiya?