Ƙaunar Allah Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Babu koyarwar da ake yawan ji daga mumbarin coci kamar cewa Allah yana ƙaunar ɗan Adam ba tare da gindaya masa sharaɗi ba. Da ita ake tarbar sabon mai bi, da ita ake yi wa mai makoki ta'aziyya. Sai dai a majami'u da dama a Nijeriya, da zarar an gama wannan wa'azi sai ambulan ta fara zagayawa, a ce wa jama'a su shuka iri, wato su ba da wani adadin kuɗi domin Allah ya buɗe musu ƙofar aiki, ko aure, ko haihuwa, ko waraka. Wanda ya shuka da yawa, in ji masu wannan koyarwa, shi zai girbe da yawa. A ganina waɗannan maganganu biyu ba sa zama inuwa ɗaya. Idan ƙaunar ba ta da sharaɗi, to ba ta da farashi, kuma duk faston da ya sa mata farashi ya rushe abin da ya gama ginawa da bakinsa.

Misalin ɓataccen ɗa da Yesu Almasihu ya bayar, a sura ta 15 ta Bisharar Luka, shi ne wurin da ya kamata a fara dubawa. Ƙaramin ɗa ya nemi gādonsa alhali ubansa yana raye, abin da kowane Bahaushe ya san nauyinsa, domin tamkar ya ce wa tsohon ya gaji da jiran mutuwarsa ne. Ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓarnatar da dukiyar, yunwa ta faɗo, ya koma kiwon aladu, aikin da ya fi kowane ƙasƙanci a idon Bayahude. Abin lura shi ne irin shirin da ya dawo gida da shi. Ciniki ya ƙulla a ransa: zai roƙi uban ya ɗauke shi ɗan ƙodago, ya riƙa aiki ana ba shi abinci. Uban kuwa tun daga nesa ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, dattijo guda yana gudu a bainar jama'a. Bai bari yaron ya kai ga maganar ƙodago ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalma, aka yanka ɗan maraƙi. Cinikin da ɗan ya zo da shi ne uban ya ƙi saurara. Manzo Bulus ya faɗi wannan ma'ana a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda ya nuna cewa Almasihu ya ba da ransa ne tun mutane suna cikin zunubinsu, kafin kowa ya gyara hali ko ya kawo ko sisin kwabo.

Jarabar sayar da abin Allah tsohuwa ce, kuma ikilisiya ta sha fama da ita. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, wani Siman mai sihiri a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon da ya gani a hannunsu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. A shekarar 1517 Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a garin Wittenberg na Jamus, yana sukar yadda ake tallan takardun sassaucin hukuncin zunubi, waɗanda ake tara kuɗinsu har da gina babbar majami'ar Bitrus a Roma. Rikicin ya raba Kiristocin Yamma gida biyu, amma shi ma Cocin Katolika ya hana haɗa waɗannan takardu da biyan kuɗi a 1567. A 1999 kuma, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a kan matsaya ɗaya cewa ta wurin alherin Allah ake karɓar mutum, ba don cancantar aikinsa ba. Saboda haka mai sayar da albarka a yau ba shi da mafaka a ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin nan biyu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne abin da wannan ciniki yake faɗa wa talaka ba tare da an furta ba. Idan arziki da lafiya su ne shaidar yardar Allah, to talauci da cuta shaidar fushinsa ke nan. A auna wannan da halin da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta shiga. Cocin da ya samo asali a Garkida a 1923, akasarin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yansa ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarsa da ke Kwarhi kusa da Mubi. Manoman da suka bar gonakinsu suka kwana a duwatsu, shin ƙarancin baiko ne ya jawo musu? Babu mai hankalin da zai ce haka a gabansu, amma can ne koyarwar take kaiwa idan aka bi ta har ƙarshe. Littafi Mai Tsarki ya riga ya toshe wannan hanya. Abokan Ayuba sun dage cewa wahalarsa sakamakon laifinsa ce, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce musu ba na kowa ba ne a cikinsu.

Akwai masu tsoron cewa idan aka ce ƙaunar ba ta da sharaɗi, an ba mutane lasisin sheƙe aya ke nan, kowa ya yi ɓarnarsa ya ce ai Allah yana sona. Tsoron yana da tushe, kuma Bulus da kansa ya tayar da tambayar a sura ta 6 ta Romawa ya amsa da a'a. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya yi kashedi a 1937 game da alherin da ake rahusa da shi, gafara ba tare da tuba ba. Amsar tana cikin bambance ƙaunar mutum da amincewa da aikinsa. Uban da ya rungumi ɗansa bai ce ɓarnar da ya yi daidai ce ba. Matar da aka kama da zina, Yesu ya kuɓutar da ita daga jifa, sannan ya umarce ta ta bar zunubin. Shugaban masu karɓar haraji na Yariko kuwa, sai da Yesu ya sauka a gidansa, mutane suna gunaguni, sannan ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. A duk labaran nan karɓa ce take fara zuwa, gyaran hali ya biyo baya, kuma gyaran da ya biyo bayan yakan fi wanda tsoro yake haifarwa nauyi.

Wasu kuma za su ce ai Annabi Malakai ya yi maganar albarka ga masu fitar da zakka, kuma coci ba ya tafiya da iska, akwai albashin fasto da rufin kwano da kuɗin makarantar marayu. Gaskiya ne, bayarwa wajibi ce a rayuwar mai bi, kuma majami'un karkara da yawa da buhun masara da dawa na lokacin kaka suke rayuwa. Amma Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa kowa ya bayar gwargwadon abin da ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba, kuma gwauruwar da ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu a baitulmalin Haikali ita Yesu ya fifita a kan attajirai. Bai yi mata alkawarin ribar ko anini ba. Bayarwa don godiya daban take da bayarwa don a biya ka, ko da adadin kuɗin ɗaya ne.

Nauyin gyara yana kan shugabannin ɗarikoki da makarantun horar da fastoci, irin su kwalejin tauhidi ta Bukuru da makarantun ECWA na Jos da Kagoro. Su ne za su iya hana kiran sunayen masu bayarwa da adadin kuɗinsu a tsakiyar sujada, su hana sa farashi a kan addu'ar mara lafiya, su kuma tuhumi duk faston da ya ce wa mace rashin haihuwarta daga rashin shuka iri ne.