Raddi Ga Masu Cewa Imani Da Gaibu Makanta Ne

Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna suka gina majami'unsu, muhawara a kan addini ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Sai dai da'awar da wasu samari masu ilmin zamani ke yaɗawa a Gashuwa, cewa bangaskiyar Kirista ga abin da ido bai gani ba makanta ce tsantsa, ta cancanci a bi ta daki-daki, domin masu ita ba jahilai ba ne.

Hujjarsu ta farko ita ce hankali ba ya karɓar abin da gani bai tabbatar ba. To, a tambayi masuncin Bade da bai taɓa taka ƙasar Kano ba, me ya rage masa ambaliyar da kakanninsa suka saba da ita. Zai ambaci madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, alhali bai taɓa ganinta ba, kuma ba wanda zai kira shi wawa, domin labari ya zo masa ta bakin jama'ar da ba za su haɗu a kan ƙarya ba, ga kuma alamarsa a cikin komarsa. Malaman usulu sun daɗe da lissafa labari ingantacce cikin hanyoyin sani, Agustin na Hippo kuwa, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi wa wannan mas'ala littafi guda tun wajen shekara ta 400. Wannan bai tabbatar da kowace da'awa ba, na yarda. Abin da ya tabbatar shi ne, wurin jayayya amincin shaidu ne.

Sa'an nan suka kawo ƙissar Toma, a sura ta 20 ta Linjilar Yohanna, wai an zarge shi don ya nemi dalili. Da sun karanta da natsuwa, da sun ga cewa laifinsa shi ne ƙin shaidar tashin Almasihu daga matattu daga bakin abokan da ya zauna da su shekaru, ya san gaskiyarsu. Kuma duk da haka ba a kore shi ba, bayan kwana takwas Almasihu ya nuna masa hannunsa da kwiɓinsa. Addinin da ke tsoron bincike ba zai adana irin wannan labari ba, balle Bulus ya jera sunayen shaidu ga mutanen Korinti, har ya ce yawancin taron 'yan'uwan da suka ga Almasihu suna raye, kamar mai cewa a je a tambaye su.

Da'awarsu ta ƙarshe, cewa mai shakka ya riga ya fita daga imani, ita ce mafi rauni, kuma abin takaici wasu fastoci ma suna taya su faɗinta. Yahaya Mai Baftisma ya aiko da tambayar shakka daga kurkuku, Almasihu bai rage masa daraja ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san roƙon Annabi Ibrahim a Suratul Baƙara, sun san ciwon shakkar da Imam Gazali ya bayyana da alƙalaminsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kuna da suka, ku kawo ta a kan shaidun ɗaya bayan ɗaya, mu zauna mu auna. Hujjar ido kuwa ta faɗi.